Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: A Binciki Takardun Yaro Tun Yana CI

Duk shekara, in lokacin haɗa takardun jarrabawa ya zo, sai harabar lakwal ta koma kamar ranar kasuwa. Iyaye na ta kai-kawo, darakta na ta faɗa, mu malaman aji shida muna zaune da rajista muna gwada suna da suna. Bara a ajina, nan Dakoro, wata yarinya da ba ta taɓa sauka daga cikin ukun farko ba ta kusa rasa jarrabawa. Sunan ubanta a rajistar lakwal daban yake da na takardar haihuwarta, shekarar ma ba ta zo ɗaya ba. Uban yana ci-rani a Najeriya. Uwar ta yi mako biyu tana zarya tsakanin ofis da ofis, ta sayar da akuya saboda kuɗin mota. Shekara shida yarinyar nan tana gabanmu, babu wanda ya duba. Ni ma ina cikin masu laifi.

Wannan ba tsautsayi ba ne, tsarinmu ne. Mun saba da bincike a bakin ƙarshe, lokacin da gyara ya fi tsada. Ku tuna 2017, sa'adda gwamnati ta yi wa malamai ƴan kwantiragi jarrabawar tantancewa, aka sallami dubbai. Ko ka yarda da wannan aikin ko ba ka yarda ba, tambaya ɗaya tana nan: waɗanda aka ce ba su cancanta ba, ta wace ƙofa suka shigo, kuma yara nawa suka wuce ta hannunsu kafin a farga?

Wani tsohon ɗalibina da yake aikin rubuta manhaja a Yamai ya nuna mini yadda su suke yi, abin ya ba ni kunya. Su ma suna da nasu CI. Namu ajin farko ne na firamare, nasu kuwa wata hanya ce ta haɗa aikin mutane da yawa a kai a kai. Duk wanda ya rubuta ɗan guntun aiki ya miƙa, kafin a haɗa shi da na sauran sai kwamfuta ta bi shi da gwaji. Sun kuma rubuta mata dokokin gidan: kada a bar kalmar sirri a fili, kada a ɗauko aikin wani ba tare da izini ba, kada a wuce sai mutum na biyu ya duba. In an karya doka ɗaya, alama ta yi ja, aiki ya tsaya, kuma ta faɗa maka layin da ka yi kuskure. Da irin su Jenkins da GitHub Actions ake wannan. Ba sa jiran ranar da za a kai wa mai kaya kayansa kafin su duba.

Abin da ya fi burge ni shi ne, kwamfutar ba ta san ɗan wane ba. Ba a ce mata "ki yi haƙuri, ƙanen mai gari ne." Ba ta gajiya ranar Alhamis da yamma.

To me zai hana mu? Ranar da aka rubuta yaro a CI, a shigar da sunansa, na uwa, na uba, ranar haihuwa da lambar takardarsa. In babu takarda, alama ta yi ja. In harafi ya saɓa, Ousmane a nan, Usman a can, ta yi ja. Duk shekarar da zai wuce aji a sake gwajin, jerin masu matsala ya tafi wurin darakta da ensipekta da magajin gari. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa. Wanda ya wuce wa'adi sai ta hanyar alƙali. Neman hukuncin alƙali da saura shekara biyar ya fi nemansa da saura mako biyu.

Na san abin da za a ce: babu wuta, babu intanet, balle a rugagen makiyaya na kwarin Tarka. Gaskiya ne. Amma malamin da ke karɓar kuɗi ta waya, yake aika hoton rajista ta WhatsApp, zai iya cika layi biyar ya aika ranar da ya shigo gari. Inda babu waya ma, takarda guda mai tambayoyi biyar, wadda ba a rufe rajistar shekara sai an cika ta, ta fi abin da muke yi yanzu.

Akwai kashedi biyu. Na farko, na'ura ma tana kuskure. Ranar 19 ga Yuli 2024, kamfanin CrowdStrike na Amurka ya saki wani gyara da ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, kuma kamfanin da kansa ya ce mai binciken nasa ne ya bar ɓarnar ta wuce. Saboda haka dole a bar ƙofar da uba zai zo ya ce an yi masa kuskure, mutum ya saurare shi.

Na biyu ya fi muhimmanci. Jar alama ta tsayar da takarda, kada ta tsayar da yaro. In muka mai da ita dalilin korar ɗan talaka daga bakin aji, gara ma a bar mu yadda muke. Yaro ya shiga ya zauna ya koyi karatu. Manya ne za a hana barci har a gyara.

Iyaye, kada ku jira mu. Gobe ku ɗauko takardar haihuwar ɗanku, ku zo ku ce a buɗe muku rajista, a gwada harafi da harafi. Ƴan uwana malamai, rajistar CI tana hannunmu. Ni dai na fara da ta lakwal ɗinmu tun makon farko na komawa. Allah ya ba mu ikon gyarawa.