Sauya iskar firigo: a duba man inji tukuna

Tun shekarar 1987 yarjejeniyar Montreal ta yanke hukunci kan iskar R12, wadda ke cinye rufin ozon na sararin samaniya. A 2010 wa'adin daina shigo da ita ya cika ga ƙasashe irin Nijar. Iskar R134a ta maye gurbinta, ko da yake ita ma yarjejeniyar Kigali ta 2016 ta ce a rage ta saboda ɗumamar duniya.

Abin da ba a cika faɗa wa masu gyara ba a Birnin Ƙwanni, Malbaza da Illela shi ne batun mai. Tsohon man inji ba ya gaurayuwa da R134a: sai ya maƙale cikin bututu, injin ya bushe, ya ƙone. Man POE take so, shi kuwa yana shan laima da zarar an bar gwangwaninsa buɗe. Ya kamata a karanta tambarin injin, a zubar da tsohon mai, a zuƙe laima kafin ɗuri.

Asarar ba ta tsaya ga mata masu sayar da ƙanƙara ba. Allurar rigakafin yara a gidajen likita tana bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Iskar R600a ta yarda da tsohon mai, amma tana kama wuta.