"Ai Mu 'Yan'uwa Ne" Ba Ya Sayen Katin Wuta



Kaɗan ne a cikinmu ke iya kama ɗaki su kaɗai a yau. Mai bautar ƙasa yana karɓar naira 77,000 a wata, mafi ƙarancin albashi 70,000 ne, mai gida kuwa kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga na dillali a kai. Shi ya sa mutum biyu ko uku sukan haɗa kuɗi su kama ciki da falo a Sabon Tasha, ko Tudun Wadar Jos, ko Masaka. Wanda ake fara nema kuwa shi ne wanda ake zumunta ɗaya da shi, ko ake ƙungiyar mawaƙa tare. Wannan ba laifi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganar da takan biyo baya ranar da aka karɓi makulli: "Ai mu 'yan'uwa ne, ba sai mun kafa doka ba."

Kowane gida yana da doka, ko an faɗe ta ko ba a faɗa ba. In ba a zauna an tsara ta ba, wanda ya fi baki ne zai kafa ta da halinsa, mai kunya kuma ya ɗauki nauyin. Ita ce za ta riƙa wanke tukunyar da wata ta ci tuwo ta bari, shi ne zai riƙa biyan 'yan garuwa domin kullum shi suke tararwa a gida. Zai yi shiru ya ce haƙuri yake yi, alhali lissafi yake tarawa a zuci. Wata shida ba za su cika ba sai ka ga mutum biyu da suke zama kujera ɗaya a sujada sun koma gefe daban-daban na majami'a, in ka bi diddigi kuma, batun gas ne.

Wanda yake ganin tsara irin waɗannan abubuwa rashin ruhaniya ne, ya buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Ikkilisiyar farko a Urushalima, wadda muke yabo saboda zumuntarta, gunaguni ya tashi a cikinta a kan rabon abinci na yau da kullum, domin ana tsallake gwaurayen wani ɓangare. Manzanni ba su tsawata wa masu ƙorafin ba. Sun sa a zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas da Filibus, aka danƙa musu aikin, kowa ya san wanda zai tambaya. In jama'ar da manzanni ke cikinta ta bukaci tsari a kan abinci, ɗakinku na mutum uku bai fi ƙarfin takarda ɗaya ba.

A fara da kuɗi, domin nan ne kunya ta fi yawa. Mai gida ba ya sanin kowa sai wanda sunansa ke kan rasit. In ku uku kuka haɗa kuɗin amma sunan mutum ɗaya aka rubuta, sauran biyun ba su da abin nunawa ranar da aka saɓa, shi kuma mai sunan shi kaɗai za a kama in haya ta ƙare ba a biya ba. Ku roƙi mai gida ya sa sunayenku duka. In ya ƙi, ku rubuta a tsakaninku nawa kowa ya bayar, ku sa hannu, wani dattijo ya shaida. Kuɗin shekara mai zuwa kuma a fara tara shi wata-wata tun yanzu, kada a jira sai saura mako biyu a shiga neman rance.

Wutar lantarki ta fi kowane abu haɗa faɗa, domin mutane suna ɗauka raba kuɗi daidai shi ne adalci. Ku duba lissafin. Ƙwan fitila mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya ci yunit ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 cikin awa ɗaya yake cinye wannan yunit ɗin. Rishon lantarki mai wat 1,500 da aka ɗora wa wake na awa biyu ya lashe yunit uku. Tun Afrilun 2024, a unguwannin da aka sa a rukunin A, yunit ɗaya ya haura naira 200, wato tukunyar waken nan ta ci sama da naira 600 kafin a zuba mata manja. To, wanda cajin waya da fitila kaɗai yake yi, ta yaya za a ce ya biya daidai da mai hita da firji? Ko dai mai kayan ya ƙara wani abu, ko a yarda cewa kayan na kowa ne sannan a raba daidai. Duk wanda kuka zaɓa ya yi, muddin da baki aka faɗa. Haka ma man janareta, wanda tun cire tallafi a Mayun 2023 ya daina zama abin da mutum ɗaya zai riƙa saya don kara.

Abinci: tukunya ɗaya ko kowa tasa, ku yanke tun farko. Shara, wanke banɗaki da zubar da bola ba sa bukatar dogon bayani, jadawali a bayan ƙofa ya isa.

Baƙi ne ke da wuyar magana, domin an koya mana karɓar baƙo, kuma koyarwa ce mai kyau. Amma ƙanen da ya zo daga ƙauye "kwana biyu" don neman aiki, ya yi wata uku yana wanka da ruwan da aka saya da jarka, ya tashi daga baƙo ya zama ɗan haya na huɗu. Alherin da kake yi masa da aljihun abokan zamanka kake yi, ba ka kuwa tambaye su ba. Ku sa iyaka: kwana nawa baƙo zai yi kafin a zauna a yi magana. Zuwan saurayi ko budurwa ma a faɗi lokacinsa, kada 'yar'uwa ta dawo aiki a gajiye ta tsaya a waje tana danna waya har ƙarfe goma.

Akwai kuma wadda ba ma so a taɓa. Addu'a da murya sama da ƙarfe huɗu na asuba, a ɗakin da ma'aikaciyar jinya ta kwanta bayan dogon aiki, ko ɗalibi mai jarrabawa da safe. Mai barcin ba zai iya cewa komai ba, don kada a ce yana gāba da addu'a. Ni dai a ganina, wanda ya san ba za a iya hana shi ba, shi ya kamata ya fara rage murya ko ya koma falo. Wannan ya fi nauyi in abokin zaman ba mai bi ba ne, domin abin da zai sani game da bangaskiyarmu a ɗakin nan zai gan shi.

Na san abin da wasu za su ce: in ɗaya ya rasa aiki fa, takarda za ta kore shi? A'a. Takardar ce ma za ta sa taimakon ya fito fili. Sauran su ce masa, "Ɗan'uwa, mun ɗauke maka wuta da ruwa na wata uku, kyauta ce, ba bashi ba," ko kuwa su ce bashi ne, a rubuta. Abin da ke kashe zumunci shi ne ɗaya yana ganin kyauta aka yi masa, ɗayan yana jiran a biya shi.

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa, saboda haka a shirya wa saɓanin hanya. Matiyu sura 18 ta nuna a fara samun mutum shi kaɗai kafin a kira wani. A aikace, wannan yana nufin ba a kai ƙarar kwanukan da ba a wanke ba zauren WhatsApp na zumunta, ba a kuma mai da ita "roƙon addu'a" a gaban jama'a. Zaman minti goma sha biyar a ƙarshen kowane wata, ranar da ake haɗa kuɗin kati, ya isa kowa ya faɗi abin da ke damunsa tun yana ƙarami.

Sai batun tashi, wanda kusan ba mai tunawa da shi ranar shiga. Bautar ƙasa shekara ɗaya ce, aure yana zuwa, ana canja wa mutum wurin aiki. Ku rubuta wata nawa mai tashi zai sanar kafin ya tafi, ko za a mayar masa da ragowar kuɗin hayarsa, da wanda ke da ikon kawo madadinsa. Tukunyar gas, labule da katifar falo da aka saya da kuɗin haɗaka, a rubuta farashinsu tun ranar saye, wanda zai riƙe su ya biya sauran rabonsu.