Wa ke da ikon raɗa wa hoto suna a intanet?

A watan Fabrairun 2004 ne wani ƙaramin kamfani mai suna Ludicorp, da ke birnin Vancouver na ƙasar Kanada, ya buɗe dandalin ajiye hotuna na Flickr.

Abin da ya fito da dandalin fili shi ne damar da ya bai wa duk wanda ya sa hoto ya laƙaba masa kalmomin da ya ga dama, kamar "kasuwa", ko "damina", ko sunan gari. Wanda ya nemi kalmar sai ya ga hotunan duk mutanen da suka yi amfani da ita.

Kafin wannan lokaci, rarraba hotuna da littattafai aiki ne na ƙwararru a ɗakunan karatu da gidajen tarihi, waɗanda ke bin ƙa'idojin da aka tsara. Sabon tsarin kuwa ya miƙa aikin ga jama'ar gari.

A 2005 kamfanin Yahoo ya saye Flickr, kuma a watan Yulin shekarar, lokacin da aka kai hare-haren bam a birnin Landan, mutane sun riƙa tara hotunan da suka ɗauka a dandalin ta hanyar waɗannan kalmomi.

Amfani da matsaloli

Hatta manyan cibiyoyi sun yarda cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A watan Janairun 2008 ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa tsofaffin hotuna fiye da 3,000 a Flickr, ya kuma nemi jama'a su laƙaba musu suna. Ta haka aka gano mutane da wuraren da a da ba a san su ba.

Sai dai tsarin yana da nasa rauni, domin babu mai tace kalmomin. Hoton hawan sallah a Kano, alal misali, wani zai rubuta "sallah", wani "salla", baƙo kuma ya sa sunan da Turawa suka san bikin da shi. Mai nema da kalma ɗaya ba zai ga sauran ba.

Hakazalika laƙabi kan yi ƙarya. A 2014, lokacin gangamin neman ceto 'yan matan Chibok a shafin Twitter, an yi ta yaɗa hoton wata yarinya 'yar ƙasar Guinea-Bissau, wadda ba ta da wata alaƙa da lamarin.

Shigowar na'ura

A 2015 Flickr ya fara barin kwamfuta ta riƙa laƙaba wa hotuna suna da kanta. Nan da nan aka yi ca a kan kamfanin, bayan da na'urar ta kira hoton wani baƙar fata da sunan biri, ta kuma ɗauki sansanin gwale-gwale na Dachau a Jamus a matsayin wurin wasa. Kamfanin ya cire kalmomin.

Na'urorin kuwa daga aikin mutane suke koyo. A 2014 Yahoo ya bai wa masu bincike hotuna da bidiyo miliyan 100 daga Flickr, haɗe da kalmomin da masu su suka rubuta. A 2019 kafar NBC ta Amurka ta ba da rahoton cewa kamfanin IBM ya ɗebi kusan hotuna miliyan ɗaya daga ciki don binciken gane fuska, ba tare da sanin waɗanda ke cikinsu ba.

Ke nan aikin da jama'a suka yi kyauta domin su samu juna, ya zama jarin manyan kamfanoni.

Tauraron Flickr ya dusashe, har aka sayar da shi ga kamfanin SmugMug a 2018, amma al'adar ta ci gaba da alamar # a Instagram da makamantansa.

Darasin da ke ciki ya shafi masu magana da harsuna irin Hausa. Hoton da ba a raɗa masa suna da harshen mutanensa ba, wasu ne za su raɗa masa, kuma da wannan sunan na'ura za ta san shi.