Iyakar ƙarfin ɗan sanda

Daga Kurni, cikin ƙasar Matamaye, zuwa iyakar Najeriya tafiya ce kaɗan, saboda haka ɗan kasuwar wannan yanki ya fi kowa sanin shingen jandarma da na duwan. Abin da yawanci bai sani ba shi ne inda doka ta tsayar da hannun mai kaki.

Ma'aunin a rubuce yake. A shekarar 1990, a birnin Habana na ƙasar Kuba, taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya tsai da ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga. Jami'i zai fara da magana da gargaɗi. In ƙarfi ya zama dole, sai ya yi daidai da girman laifin. Bindiga kuwa, ƙa'ida ta 9 ta ƙuntata ta: ba a harbi sai don tare mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa, ko don kama wanda ke ɗauke da irin wannan haɗari. Ke nan yaron da ya tsere wa shinge da jarkokin fetur bisa babur ya yi laifi, a kama shi, a ci shi tara, amma gudunsa bai halatta jininsa ba. Ƙa'ida ta 8 ta ƙara da cewa rikicin siyasa ba hujja ba ne, ƙa'ida ta 26 kuma ta ce "umurni aka ba ni" ba ya wanke wanda ya san umurnin haramtacce ne.

Abin takaici, a wannan shekarar dai, ranar 9 ga Fabrairu, aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka rasu. A Disamban 2011 Damagaram ta ga nata: gwangwanin barkonon tsohuwa ya kashe wani ɗalibi, kashegari harsashi ya sami wata mata. Gwamnati ta sauke wasu manyan jami'an tsaro. Sai dai sauke mutum daga kujera hukuncin ofis ne, ba na alƙali ba.

Na alƙali ya zo a 2017, lokacin da kotun Yamai ta ɗaure ƴan sanda uku shekara guda saboda dukan wani ɗalibi da suka riga suka kama. Hoton bidiyo ne ya tona su. A hanyar Kurni da dare, babu mai ɗaukar hoto, sai takardar likita da shaidun da suka yarda su tsaya gaban mai gabatar da ƙara.