Bangaskiya ba ta hana kuka: Makoki a gidajen Kiristocin Gwarzo da Kabo

Duk wanda ya taɓa halartar jana'iza a ƙauyukan Kiristoci na ƙasar Gwarzo ko Kabo ya san yadda ranar take. Matan Zumunta sun ɗaura zane iri ɗaya, suna buga tulu suna waƙa. Fasto ya buɗe Littafi Mai Tsarki yana karanta alƙawarin tashin matattu. Maƙwabta Musulmi, waɗanda wasunsu ma dangi ne na jini, suna zaune a gindin darbejiya suna yi wa mazan gida gaisuwa. Can sai uwar mamaci ta fashe da kuka, wani ya matso ya ce mata: "Haba Inna, ki yi shiru mana. Ina bangaskiyarki?"

Da kyakkyawar niyya ake yin wannan tambaya, amma kuskure ce. Tana ɗora wa mai makoki kaya na biyu: ga rashi, ga kunyar a ce imaninta ya yi rauni.

Akasarin Kiristocin wannan yanki Hausawa ne gaba da baya, jikokin Maguzawa. Bishara ta iso musu ne bayan da aka bai wa mishan ɗin SIM damar aiki a masarautar Kano a shekarun 1930, inda suka fara da jinyar kutare, daga baya ikkilisiyar ECWA da aka kafa a 1954 ta gaji aikin. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, don haka da harshen da aka goya su suke jin ta'aziyya. Kuma ba su da yawa. A ƙaramar majami'ar ƙauye, idan mutum ɗaya ya rasu, kowa na ganin gurbinsa a kan benci ranar Lahadi.

Abin da suke riƙe da shi ba ƙarami ba ne. Kirista ya gaskata cewa Yesu Almasihu ya mutu ya tashi, kuma rabuwa da wanda ya mutu cikin bangaskiya ta ɗan lokaci ce. Wannan bege ne ke tayar da gwauruwa da asuba ta hura wuta ta dama wa marayu koko. Sai dai littafin da ya ba ta begen bai hana ta hawaye ba. A Bisharar Yohanna sura 11, Yesu ya yi kuka a kan mutuwar abokinsa Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi a ranar. Wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Tasalonikawa, wadda kusan ba a jana'iza ba a karanta ta ba, baƙin ciki irin na marasa bege ta hana, ba baƙin cikin kansa ba. Abokan Ayuba kuwa kwana 7 suka yi zaune da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Sai da suka buɗe baki suna neman dalilin masifarsa sannan suka ɓata rawarsu da tsalle.

Fastoci da dattawa suna da nasu uzurin. Sun ga yadda zafin rashi ke kai wasu wurin boka neman wanda ya "ci" musu ɗa, a ƙarshe a jingina wa wata tsohuwa maita, zumunci ya watse. Tsoron haka ne ke sa su gaggauta kwantar da mutane. Amma wanda aka toshe wa baki a majami'a ya fi saurin kai kukansa inda bai dace ba.

A nan akwai abin lura a gidan maƙwabta. Al'adar Hausawa Musulmi ta san kwana uku, ta san bakwai da arba'in, ga takabar wata 4 da kwana 10. Ko me malamai suka ce game da wasu daga cikin waɗannan, suna sa jama'a su sake komawa gidan da aka yi rashi, su tuna akwai mai ciwo a ciki. A ikkilisiyoyi da yawa kuwa, ranar binnewa ake cika maƙil, sai sujadar godiya, daga nan kowa ya kama gabansa. Alhali ciwon ba ya nuna kansa sosai sai tabarmi sun naɗe, baƙi sun koma Kano da Kaduna, Kirsimeti ya zo babu wanda zai sayo wa yara kaya.

Ikkilisiya ba ta buƙatar kuɗi kafin ta gyara wannan. Dattawa su rubuta sunayen gidajen da aka yi rashi, a raba ziyara wata-wata har shekara ta zagayo. Matan Zumunta, waɗanda dama su ne suka fi kowa ƙoƙari, su je ko babu waƙa, su zauna, su bar mai gida ta ambaci sunan mijinta ta yi kukanta. Idan 'yan uwan miji suka fara hararar gona, dattijo ya sa baki tun kafin magana ta kai gaban mai unguwa. Idan damina ta faɗi kuma, matasan majami'a su ɗauki fartanya su yi mata gayya, a nome mata dawa da gyaɗa kafin ciyawa ta cinye shuka.