Watandar Ɗaki A Ƙasar Waje: A Yi Lissafi Kafin A Sa Hannu

Kowa ya san watanda. In Salla ta ƙarato, mutum goma ko ashirin na unguwa ɗaya su kan haɗa kuɗi su tafi Kasuwar Shanu su sayo sa, a yanka a kasa, kowa ya ɗauki kashinsa ya nufi gida. Wanda ba shi da ƙarfin sayen sa shi kaɗai ya sami nama mai kyau a kan kuɗi kaɗan, kuma da an wanke wuƙa an naɗe tabarma magana ta ƙare, ba mai bin wani bashi.

To, akwai wata irin watanda da Turawa suka ƙago, wadda tallarta kan biyo intanet ta faɗo cikin wayoyin masu hali, har da na Maiduguri. A cikinta ɗaki a ke kasawa, a wani masauki na alfarma kusa da manyan wuraren wasanni da shaƙatawa na ƙasashen waje. Shekara tana da mako 52, sai a raba makonnin nan ga mutane daban daban, ko wane ya biya kuɗi ya zama yana da ikon kwana a ɗakin mako ɗaya ko biyu ko wace shekara, shi da iyalinsa. Da Turanci a na kiran wannan taimshiya, watau rabon lokaci. Mai talla zai nuna hoton yara a kan lilo, da tafkin wanka, da gado mai laushi, ya ce da Alhaji ya daina zubar da kuɗinsa a otel, ya mallaki nasa.

Abin ya samo asali ne a Turai cikin shekarun 1960, a Suwizalan da duwatsun Faransa inda a ke zuwa wasan ƙanƙara, daga nan ya haura Amurka ya bunƙasa. Kamfanin Disney, mai katafaren filin wasannin nan da aka buɗe a 1971 kusa da birnin Olando a Jihar Fulorida, ya shiga harkar a 1991 da wani tsari da ya sa wa suna Disney Vacation Club. Da ya ke shi ne ya fi shahara a wannan fage, da shi ya kamata a buga misali.

Rabon nan iri uku ne. Na farko mako tsayayye, watau mutum ya sayi, alal misali, mako na biyu na watan Agusta, ya zama nasa ko wace shekara. Na biyu mako mai yawo, inda a ke ba mutum wani yanki na shekara ya zaɓi makon da ya so a ciki, in wani bai riga shi ba. Na uku shi ne na maki, wanda Disney ke bi: mutum ya sayi adadin maki, a riƙa zuba masa su ko wace shekara, shi kuma ya riƙa biyan kwana da su. Daren da jama'a suka yi yawa ya fi cin maki, babban ɗaki ya fi ƙarami ci. A na iya ajiye makin bana zuwa baɗi, ko a ranto na baɗi a haɗa da na bana. A masaukin da mutum ya sayi rabonsa yana iya kama ɗaki tun da sauran wata 11, a sauran masaukan kamfanin kuwa sai da sauran wata 7.

Tambaya ta farko da ya kamata mai saye ya yi ita ce, shin mene ne a ke sayar masa? Mutumin Yerwa in ya ji kalmar mallaka, abin da ke zuwa zuciyarsa shi ne fili a Bulumkutu ko gida a Gwange, wanda zai zauna ciki, ya mutu ya bar wa jikoki. Rabon Disney kuwa yana da ranar ƙarewa a rubuce. Na masaukan farko zai ƙare ran 31 ga Janairu, 2042, sai dai waɗanda suka biya ƙarin kuɗi a masaukin farko aka ja musu zuwa 2057. Na masaukin Riviera da aka buɗe a 2019 zai kai 2070. Ranar da wa'adi ya cika ɗaki ya koma hannun kamfani, mai rabo kuwa ba a mayar masa da ko anini. Ashe ke nan abin ya fi kama da haya mai tsawo wadda aka biya tun gaba. Har ila yau rabon na wurin kwana ne kurum. Tikitin shiga filin wasannin, da abinci, da kuɗin jirgi, duk daban a ke biya.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi, watau kuɗin shekara. A nan ne watandar ɗaki ta rabu da watandar sa. Bayan an biya kuɗin saye, ko wace shekara sai mai rabo ya biya kuɗin gyara da shara da haraji da albashin ma'aikata, ko ya je ko bai je ba, kuma bisa al'ada kuɗin nan hawa ya kan yi. Wanda ya ƙi biya kuwa a na iya karɓe rabonsa.

Ga ɗan Nijeriya akwai ƙarin ciwon kai, don da dala a ke biya, shi kuwa da naira ya ke ciniki. Dattawa suna tune da shekarar 1980, lokacin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. A 2015 dala tana wajen naira 200 a farashin gwamnati. Bayan da aka saki naira a watan Yuni na 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta wuce naira 1,500. A ƙaddara wani ɗan kasuwa ya sayi rabo a 2015, kuɗin shekararsa dala 1,500. A wancan lokaci naira 300,000 zai nema. A 2024, ko da kamfani bai ƙara masa sisi ba, sai ya nemi naira 2,250,000 a kan wannan mako ɗaya tak. Ɗakin yana nan yadda ya ke, gadon bai ƙara faɗi ba, amma kuɗin ya ninka fiye da sau bakwai.

Kuma yarjejeniya ba ta san jaje ba. Mutanen Maiduguri sun ga gobarar da ta ci babbar kasuwar Monday Market a watan Fabrairu na 2023. Sun ga daren da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya shanye unguwanni da kasuwanni, ya shiga har gidan namun daji na Sanda Kyarimi inda iyaye suka saba kai yara ran Salla. Attajirai da yawa sun kwana da dukiya sun wayi gari suna ƙirga asara. Mai zuwa otel in irin wannan ta same shi sai ya fasa tafiya, shi ke nan. Mai rabon ɗaki kuwa takardar neman kuɗin shekara za ta iso masa a kan lokacinta, ba ruwanta da abin da ya faru a Gamboru.

Tambaya ta uku, shin mutum zai iya isa wurin ko wace shekara? Ba'amurken da ke zaune a wata jiha kusa da Fulorida mota kurum zai tayar. Mutumin Maiduguri sai ya sauka Abuja ko Legas, ya nemi biza wa kansa da matarsa da 'ya'yansa, sa'an nan ya sayi tikitin jirgi na mutum biyar ko shida. Takardar mallakar rabo ba ta tilasta wa wata gwamnati ta ba kowa biza. A watan Yuli na 2025 Amurka ta rage yawancin bizar ziyara da ta ke ba 'yan Nijeriya zuwa ta wata uku, shiga ɗaya. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda birnin Dubai ya ke da nasa wuraren wasannin, ta tsai da ba 'yan Nijeriya biza daga 2022 har zuwa Yulin 2024. A shekarar annobar korona, watau 2020, filin Disney na Fulorida da kansa ya kasance a rufe daga Maris zuwa Yuli. Yarjejeniyar shekara arba'in ko hamsin za ta ratsa irin waɗannan shekaru fiye da sau ɗaya.

Akwai kuma wani lissafin da mai talla na Turai ba zai taɓa kawowa ba, shi ne na kalandar Musulunci. Watan azumi yana matsowa da wajen kwana 11 ko wace shekara, har ya kewaye shekarar Turawa cikin shekara 33 ko kusa da haka. Wanda ya sayi mako tsayayye cikin Agusta don hutun makaranta, a 2011 makonsa ya faɗa tsakiyar azumi, a 2019 kuma Babbar Salla ta zo ran 11 ga Agusta. Wane magidanci ne zai bar ragon layya da hawan Shehu da gaisuwar dangi, ya tafi kallon lilo a Olando? Makon ya tafi, kuɗinsa kuwa an biya.

Tambaya ta huɗu, ina ƙofar fita? Shiga rijiya da sauƙi, fitowa ce aiki. Rabo da yawa in aka kai su kasuwa ba su kan mayar da ko kusa da kuɗin da aka saye su ba, wasu ma masu su kan nemi wanda zai karɓa kyauta don su huta da kuɗin shekara. Na Disney ya fi akasarinsu riƙe daraja, amma shi ma da sharuɗɗa. Kamfani yana da ikon karɓe cinikin a kan farashin da aka daidaita kafin baƙo ya saya, kuma tun 2019 wanda ya sayi rabon Riviera a hannun wani, a Riviera kaɗai zai iya kwana da makinsa. Wannan kuwa yana rage masu taya. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sha yin gargaɗi game da 'yan damfara masu bugo waya su ce sun samo mai saye, a fara aiko musu da la'ada, daga nan a neme su a rasa. Sa'an nan ga maganar gado. In mai rabo ya rasu, magada za su tarar da abin da ba ya rabuwa kamar gona, mai bukatar lauya a wata ƙasa, kuma mai cin dala ko wace shekara.

Duk wannan ba ya nufin cinikin haramun ne, ko kuwa duk mai yinsa macuci ne. Littattafan fiƙihun Malikiyya da a ke karantawa a zaurukan Barno sun san karɓa-karɓar amfani da abin da aka yi tarayya a kansa, wadda a ke kira muhaya'a. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zaman da ta yi a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a 2007, ta halatta irin wannan ciniki bisa sharuɗɗa, cikinsu har da cewa a san wurin a kuma san lokacin. A Makka ma an yi. A 2003 wani kamfanin Kuwait mai suna Munshaat ya fitar da takardun amfani da ɗakunan benen Zamzam da ke daf da Harami, na tsawon shekara 24, inda mai takarda ke da kwanaki sanannu ko wace shekara, yana iya kwana, ko ya ba da haya, ko ya sayar. Ga mai zuwa Umra ko wane azumi wannan ya fi kusa da bukatarsa, don da watannin Musulunci a ke lissafin lokutan ibada. Amma ko a can, a 2020 an dakatar da Umra, aikin Hajji na wannan shekara da na 2021 kuwa mazauna Saudiyya kaɗai suka yi.

Wa cinikin zai amfana ke nan? Zai amfani wanda ya riga ya saba zuwa wuri ɗaya shekara da shekaru, wanda samunsa da dala ne ko yana da takardar zama a can, wanda zai biya kuɗin saye lakadan ba tare da cin bashi ba, kuma wanda in kuɗin ya narke gaba ɗaya gidansa ba zai girgiza ba. Irin waɗannan akwai su cikin 'yan Barno mazauna waje. Wanda kuwa zai je sau ɗaya cikin shekara uku ko huɗu don ya faranta wa yara rai, otel ya fi masa arha, kuma ya bar masa 'yancin ya sake shawara baɗi.

Wanda duk da haka ya ga zai saya, kada ya sa hannu a ranar da aka yi masa talla, ko da an ce rangwamen na yau kaɗai ne. Ya karɓi takardun ya kai wa lauyan da ya san dokar ƙasar da ginin ya ke. Ya nemi a nuna masa a rubuce kuɗin shekara na shekara goma da suka wuce, don ya ga yadda ya ke hawa. Ya tambayi nawa a ke sayar da irin rabon a hannu na biyu. Ya haɗa kuɗin saye da na shekara da na jirgi da na biza, ya raba da yawan dararen da zai kwana da gaske, ya gwada da kuɗin otel. In ya riga ya sa hannu zuciyarsa ta ƙi kwanciya, doka ta bar masa 'yar kafa: a Fulorida yana da kwana 10 da zai iya warware cinikin a rubuce, a ƙasashen Tarayyar Turai kuwa kwana 14.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Kai iyali buɗe ido abu ne mai kyau, ba wanda zai ga laifin magidancin da ya yi haka da halalinsa. Abin gudu shi ne hutun mako ɗaya ya zama bashin shekara hamsin da za a bar wa marayu. Allah ya ba jama'a ikon yin lissafi kafin ciniki, ya kuma mayar wa mutanen Barno da alherin abin da suka rasa.