Gashin da ke jikin ganyen auduga

Wanda ya ratsa layin masu saƙi a Kasuwar Kurmi, ko ya tsaya bakin karofin Ƙofar Mata yana kallon yadda ake tsoma farin ƙyalle cikin baba, auduga yake gani. Sunan da masana tsirrai suka san irin audugar da ta fi yawa a duniya da shi shi ne Gossypium hirsutum, kuma ita ce kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ake nomawa. Ɗalibanmu na haddace sunan nan don jarrabawa, su zubar da shi a bakin ƙofar aji. Ra'ayinmu a yau shi ne, malamin da ya koyar da sunan bai faɗi ma'anarsa ba ya tauye ɗalibi, domin ilimin noma ne aka ƙunshe a ciki.

Kalmar ta biyu Latin ce, harshen Rumawan da, waɗanda ke kiran abu mai gashi buzu-buzu, kamar jikin bunsuru ko gemun da bai ga mataji ba, da hirsutus. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya laƙaba wa audugar wannan suna a 1763, bayan tun 1753 ya ba wani ɗan'uwan baba mai gashi sunan Indigofera hirsuta. Daga baya masana suka ƙayyade kalmar ga gashi mai tsayi da ɗan kaushi, suka ware wasu kalmomi ga gashi gajere mai laushi da wanda ya cukurkuɗe ya rufe ganye. Likitoci ma sun are ta don larurar da ke sa mace tsiro da gashi a haɓa.

To me ya haɗa manomi da wannan? A shekarun da jirgin ƙasa ya iso Kano, wato 1911 da bayanta, Turawa suka yaɗa wani irin wannan auduga na Amurka mai suna Allen a ƙasar Hausa don ciyar da masaƙun Ingila. Audugar nan tana da abokin gaba a Afirka: wani ƙwaro kore, bai kai ƙwayar shinkafa ba, mai tsalle, da ke maƙalewa a bayan ganye yana tsotse ruwansa har ganyen ya nannaɗe, bakinsa ya yi ja ya bushe. A shekarun 1920 masu bincike a Barberton ta Afirka ta Kudu suka tabbatar cewa tsiron da bayan ganyensa ke da gashi mai yawa da tsayi yana tsira, saboda gashin na hana ƙwaron sakewa ya yi tsotso ko ya saka ƙwai a jijiyar ganye. Tun daga nan masu inganta iri a Afirka, har da na Samaru ta Zariya, suke duba gashin ganye kafin su zaɓi iri. Kariya ce da ba a saya a kwalba, ba a kuma goya ta a baya ana feshi.

Wani zai ce sunan ma ba gaskiya yake faɗa ba, tun da akwai audugar da ke ɗauke da shi alhali ganyenta sumul yake. Haka ne. A Amurka, inda inji ke tsinka, an fi son mai santsi don gashi na riƙe ɓurɓushin ganye ya ɓata kaɗa, kuma farin ƙuda ya fi samun mafaka a ganye mai gashi. Sai dai wannan ƙorafi hujja ce a gare mu: ɗalibin da ya san abin da sunan ke nufi shi ne zai juya ganye ya shafa, ya tambayi wane ƙwaro ne ya fi damun gonar, kafin ya ba manomi shawara. Wanda ya yi hadda kawai ba zai san akwai abin dubawa ba.

Wani kuma zai ce me ya kai Bahaushe ga mataccen harshe? Ai Bahaushe ya riga ya san abin da hannunsa. Mai tsinkar kuɓewa ya san yadda take sosa yatsu, wanda ya taɓa kwanson karara bai manta ba, kuma ba banza aka ce ƙaiƙayi koma kan masheƙiya ba. Masu sayar da ganye da saiwa a Kurmi da shafawa suke bambance tsiro da mai kama da shi. Tun 1916 likita Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya jera su da na kimiyya. Abin da ya rage shi ne a kai wannan haɗi cikin aji.

Don haka muna kira ga malaman kimiyyar noma da na tsirrai, daga makarantun cikin ganuwa har Jami'ar Bayero: ranar da za ku rubuta sunan nan a allo, ku shigo da ganyen auduga, ku faɗi ma'anarsa da Hausa, ku bar kowane yaro ya shafa bayansa.